Shekarar da Hukuma Ta Ari Innalillahi

Kai mai jar hula, ajiye lasifikar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Tun da kuka zauna nake ganin hannunka yana kai mata kamar kaza ta hango tsaba. Na san abin da ke ranku duka: wai me ke cikin shela? A hau mashin, a ɗaura batir, a wage baki. Yo in haka ne ai jakin maƙwabcina ya fi ni cancanta, ya fi ni murya, kuma ba ya shan mai. Tunda kun ce koyo kuka zo yi, ku gyara zama. Ni ne Iro Mai Shela, kuma abin da zan gaya muku ba a cikin lasifika yake ba.

Aikina na farko akuya ce. Akuyar Gwaggo Hansai mai daddawa, wadda har yau tana nan bayan masallacin Juma'a, Allah ya ƙara mata lafiya. Lokacin ina saurayi, na baro Dayi na zo garin nan neman abin yi, na daɗe ina bin maigidana Baba Tanko ina riƙe masa gorar ruwan citta, ban taɓa cewa uffan ba. Shi ke da kuge. Kuge, ga wanda bai san shi ba a cikinku, ƙarfe ne mai baki biyu da ake duka da ɗan ƙaho, kuma kafin zuwan lasifika da shi ake tsayar da gari. Baba bai taɓa yarda wani ya taɓa masa shi ba, ko ni. Ran nan sai ya ce, "Iro, ni zan kaɗa, kai za ka faɗa. Zaɓi wurin tsayawa." Na je na tsaya daidai ƙofar injin niƙa, don na ga nan mata suka fi yawa, na cika ƙirji na ce ana cigiyar akuya ja. Injin na ihu, ni ma ina ihu. Da na gama Baba ya ce, "Madalla. Kai da injin wa ya ci?" Ya ce, "Kuma akuya ja a garin nan ta fi masu zuwa sallar asuba yawa. Wacce daga ciki?" Ya ja ni kusurwar lungu, ya ba iska baya, ya fuskanci katanga, ya ce akuya ja mai tsagaggen kunnen hagu, da guntun igiyar rama a wuya, tana ɗingishi. Kafin la'asar an kawo ta daga gidan wani bawan Allah, wai shi ma cigiyar mai ita yake yi.

A nan na koyi cewa katanga ake yi wa shela, ba titi ba. Namijin da ke zaune a dakali yana jin ka da kunne ɗaya, kafin ya kai gida ya zubar. Matar da ke bayan katanga tana daka, ita ce ke ɗaukar magana ta ajiye, ta gaya wa miji da yamma, ta gaya wa maƙwabciya ta saman danga. Sai ka maimaita: na farko na karnuka ne, su gama haushinsu, na biyu na mata, na uku na mazan da ke nuna ba su damu ba. Ka fita da sassafe kafin a tafi gona, ko bayan la'asar an dawo. In ka fita da rana tsaka a cikin damina, kaji za ka yi wa wa'azi.

Amma babban karatun shi ne ƙofa. Baba ya ce kowace shela da ƙofarta, wato kalmar da kake buɗe baki da ita. In saƙon hukuma ne, ka ce, "Hukuma ta gaishe ku." Mai daka ba za ta tsaya ba, za ta dai karkato kunne. In ɓata aka yi, ka ce, "Cigiya, jama'a, don Allah don Annabi." Sai ka ji taɓarya ta sassauta. In kuwa rasuwa ce, ka ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Nan taɓarya ke tsayawa cak, mai keke ya sauke ƙafa, mai shayi ya ajiye buta, kowa na jiran suna. Baba ya ce da ni, "Ba muryarka ce ta tsayar da su ba, kar ka ruɗi kanka. Sun tsaya ne don tun kakanninsu ba a taɓa buɗe wannan ƙofa ba sai da gawa a bayanta. Kar ka shigar da kaya ta ƙofar da ba tasu ba."

Baba Tanko mutumin Gozaki ne, ya zo garin nan tun ana ɗaukar auduga a kan jakuna. Ba shi da kowa a nan. Matarsa ta riga shi, 'yarsa ɗaya tilo kuma tana aure can Gozaki. Yakan ce mai dangi bai damu da mai shela ba, 'yan aike sun ishe shi, yanzu ma ga waya. Marar dangi shi ne namu, don in ba mu kira masa mutane ba, babu mai kira. Da gwiwa ta ƙi, murya ta fara tsagewa, ni kuma na sayo lasifika a Funtua, sai ya rataye kugen a ƙusa cikin ɗakinsa, ya kira ni. Ya ce, "Iro, ban bar maka gona ba, ba na kuma neman komai a wurinka sai abu ɗaya. Na kira garin nan jana'izar mutane ba iyaka. Ran tawa kai za ka kira su, kuma ina so su fito." Na ce, "Haba Baba, Allah ya ja kwana." Ya ce, "Amin, ya ja. Amma ka ji." Ku riƙe wannan magana, don ita ce labarin.

Kayan aiki kuwa ga su nan kuna gani, ba wani abin a zo a gani ba ne. Lasifika, batirin mota, wayar wuta biyu, da tsohuwar roba ta taya da nake ɗaure su a bayan mashin. Da damina a rufe da leda, in ba haka ba ruwa ya shiga ta koma kukan kwaɗo. Wanda ya fi su tsada shi ne maƙogwaro, shi kuma ba a sayar da shi a Funtua. Citta, kanumfari, ɗan zuma in an samu. Ruwan sanyi kuwa, in kana son sana'ar nan, ka yi masa sallama tun yau. Kai da ke kallon na kusa da kai, ai kai na gani ɗazu da ƙanƙara a hannu.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai mai ɓatan tunkiya, akwai mai maganin basir, akwai mai neman 'yan ƙwadago ran cirar masara. Amma babu abokin ciniki irin ƙaramar hukuma. Za a miƙo maka takarda cike da "masu ruwa da tsaki" da "wayar da kan al'umma", kai kuma ka zauna ka tace ta kamar kamu, ka fitar da abin da mutum zai iya sha. Wata shekara an aiko ni shelar cewa takin zamani ya iso sakatariya, kowa ya je ya rubuta suna. A lokacin masara ta yi goyo, har an fara gasa sabuwa a bakin tasha. Wani dattijo ya tare ni da kan masara a hannu, ya ce, "Malam Iro, takin nan na bana ne ko na baɗi?" Na ce, "Alhaji, ni ihu aka ba ni, ba a gaya mini ko kafin hari ne ko bayansa ba." Duk da haka mutane na saurare. Sun san hukuma, sun san ni, sun san ba ni na haife ta ba.

To, sai shekarar mura. Cikin marka ta zo, ana kwana ana wuni ruwa na tsiyaya. Ba irin murar da kuka sani ba ce, ta a sha shayi da citta a tafi gona. Wannan zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi da tari mai tsaga ƙirji. Matashi ta kwantar da shi ya tashi a rame. Tsoho kuwa, wani in ta kwantar da shi shi ke nan. Ɗan asibitinmu ya cika har baranda. Hajiya Binta, malamar asibitin, ta rame ta koma kamar ba ita ba. Abin da ta roƙa kaɗan ne: a ƙaro magani, a ƙaro ma'aikata, a gaya wa mutane su rufe baki in za su yi tari, su rage cunkoson dubiya, su kawo tsofaffi da wuri kafin numfashi ya ƙi.

Hukuma ta ji, ta kafa kwamiti. Aikin kwamiti na farko shi ne bikin ƙaddamar da kwamiti. Wallahi da bakin nan nawa na zaga gari ina cewa hukuma ta gaishe ku, ta ce kowa da kowa ya hallara a filin firamare, babba da yaro, don a sanar da hana taro. An kafa rumfuna, an kawo makaɗa. Ciyaman ya bi layi ya yi musabaha da duk mai hannu, masu tari da masu atishawa, sannan ya hau mumbari ya hana musabaha. Aka raba bokitan wanke hannu masu famfo, kowanne da hotonsa a jiki yana murmushi. An ari amfilifayar lasifikar masallacin Juma'a don muryar manyan baƙi ta kai nesa, ta dawo tana warin ƙonanniyar roba, ladan ya koma kiran salla da hannu a kunne kamar zamanin da.

Bayan nan na yi shelar an rufe kasuwa. Mutanenmu suka cunkusa cikin bas kamar buhunan masara, suka tafi cin kasuwar Bakori, suka dawo da murar can aka haɗa da tamu. Na yi shelar an buɗe kasuwa, don wani kansila ya tuna yana da tsohuwar dawa a rumbu. Na yi shelar za a yi feshi, aka feshe sakatariya da layin gidan Ciyaman tas. Sauro ya ji jiki ƙwarai. Mura kuwa ko a jikinta. Da aka jima ana haka, in na ce, "Hukuma ta gaishe ku," sai in ji daga bayan katanga an ce, "Muna amsawa, ta bar mu haka." Maganar Hajiya Binta, wadda ita ce mai amfanin, tana can ƙarshen takarda, kafin in kai gare ta kowa ya koma harkarsa.

Sakataren kwamitin, Malam Sabi'u, tsohon malamin makaranta ne, kuma kar ku ɗauka mugu ne. Mahaifiyarsa ma tana kwance a lokacin. Shi kaɗai a cikinsu abin ya hana shi barci. Ran nan ya hau bayan mashin ɗina ya ce yana son ya ga me ke faruwa. Muka zaga, ya ga babu mai ɗaga kai. Muna cikin haka aka tare ni da rasuwar wani tela, na tsaya na yi shelarta. Ya ga taɓarya ta tsaya, ya ga mai keke ya sauke ƙafa. Sai na ji ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Malam Iro, ga maganin nan a bakinka kana ta wahalar da mu. Gobe da wannan za ka fara."

Na ce, "Da wanne, Malam?"

"Da Innalillahi. In sun tsaya sai ka gaya musu maganar asibiti."

Na ce, "Ai wannan ƙofar gawa ce."

Ya ce, "Ita annobar ba musiba ba ce? Ba a kan kowace musiba aka ce a faɗe ta ba? Tsofaffi na mutuwa, Malam Iro. In kalma ɗaya za ta sa a kawo mutum asibiti da ransa, ka fi son ka adana ta har sai ka faɗe ta a kan gawarsa?"

Ku faɗa mini, me za ku ce masa? Hujjarsa ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Har wurin Liman ya je, Liman ya ce babu laifi, ana faɗinta ko ƙaya ce ta soki mutum. Ni kuwa abin da nake da shi kawai shi ne wani tsoho ya ce kar a yi. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, maganin kar a yi, kar a soma. Bakina ba zai iya ba." Ya ce to, bai yi fushi ba. Washegari aka ba Ɗanlami aikin.

Ɗanlami kun san shi, mai sa kiɗa a gidan biki, mai manyan lasifikun nan da ke sa kwanon rufi rawa. Biki ya tsaya saboda mura, sai ga aikin hukuma. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar farko ina zaune ina shan koko na ji Innalillahi ta tashi daga bakin kasuwa. Ni kaina, da na san zancen, sai da na ajiye ludayi. Gari ya yi tsit. Aka ji a rufe baki in za a yi tari, a wanke hannu, a kai tsofaffi asibiti da wuri. Kuma gaskiya ɗaya ce, in faɗa muku: ta yi aiki. Hajiya Binta da bakinta ta ce mini a makon nan an kawo mata tsofaffin da da sai dai ta ji labarinsu. Na koma gida ina cewa a raina, wataƙila ni ne jakin.

Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma kun san hukuma, in ta ga rijiya na ba da ruwa, har wanki sai ta kawo. Masu karɓar harajin kasuwa suka ce su ma a fara musu da ita. Masu ranar shara suka ce su ma. Da Ciyaman zai dawo daga wata tafiya, aka ji Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ana gayyatar jama'a tarbar mai girma a bakin gari. Ɗanlami ya gaji da faɗa, ya ɗauki muryarsa a memori, har da amsa-kuwwa ya sa mata, tana ta juyawa shi kuma yana cin gyaɗa a kan mashin. Ba a jima ba taɓarya ta daina tsayawa. In an ji ta daga lasifika sai mace ta ce da 'yar'uwarta, "Ci gaba, bokiti ne."

Ni kuwa na zauna. Aikin hukuma ya tafi, masu cigiya sun yi ƙaranci, don ko akuya ba ta ɓata a cikin marka. Na kwance lasifika na koma acaɓa, wani lokaci in bi 'yan ƙwadago noman maimai. Wannan duk ba komai ba ne, an saba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ranar da wani Bafulatani daga rugar bayan gari ya zo ya ce innarsa ta rasu, a taimaka a kira masa mutane. Na ɗaura lasifika na zaga, na yi komai yadda aka koya mini. Waɗanda suka je ba su cika sahu ɗaya ba. Matar nan kuwa babu gidan da bai sha nononta ba a garin nan.

A lokacin murar ta riga ta kama Baba Tanko. Na kai shi asibiti a mashin, Hajiya Binta ta yi masa ƙarin ruwa da allura, ya ɗan farfaɗo ya ce shi dai a mai da shi ɗakinsa. Kullum nakan kai masa kunu, in tsaya daga bakin ƙofa yadda ta ce. Ranar jana'izar Bafulatanar ya ɗago kai ya ce, "Na ji ka wuce ɗazu. An je?"

Na ce, "An je, Baba."

Ya ce, "Iro, ni na koya maka magana. Ban ji taɓarya ta tsaya ba."

Ya yi tari mai tsawo, ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce, "Ka dai tuna."

Bai ƙara mako ba. Da hantsi ya cika, ana yayyafi. Liman ya ce bayan azahar za a yi salla, 'yarsa na hanya daga Gozaki. Lasifikar masallaci ga ta a ƙone. Waya kuwa, wa za a kira? Waɗanda suka san Baba a ganiyarsa tsofaffi ne, rabinsu na kwance, sauran gari kuma na gona. Na ɗaura kayana na fita. Na tsaya a kowace kusurwar da ya nuna mini, na ba iska baya, na fuskanci katanga. Ban taɓa yin shela mai kyau irin ta ranar ba. Daka na ci gaba. Injin niƙa na ci gaba. Na faɗi sunansa, na sake faɗa, amma wa ke jiran suna bayan ya riga ya toshe kunne tun daga ƙofa? Da na zo bakin tasha sai mai shayi ya ɗaga mini tafukansa biyu yana dariya, ya ce, "Malam Iro, kai ma sun ɗauke ka? Mun wanke, wallahi mun wanke!"

Na tsorata. Ina gaya muku ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na koma gidan na tarar da Liman da maƙwabta biyu zaune a zaure, makara jingine da bango. Ko masu canjin kafaɗa zuwa maƙabarta a cikin wannan taɓo ba su cika ba. Mutumin da ya tara wa kowa jama'a. Liman ya dube ni ya ce, "Malam Iro, Allah ya san niyya, ko mu kaɗai ne salla ta yi." Na san gaskiya ya faɗa. Amma ba haka na yi da Baba ba.

Na shiga ɗakin. An rufe shi da mayafi, ga ƙwaryar kunun jiya ko taɓawa bai yi ba. Na ɗaga kai, ga kugen a ƙusarsa, ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ɗan ƙahon na ɗaure a jiki da zare. Tunda nake ban taɓa riƙe shi ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini, yau zan taɓa." Na sauke shi, na goge da bakin riga. Na bar mashin a nan, na fita a ƙasa cikin yayyafi.

Kusurwar farko ita ce ta bayan masallacin Juma'a, inda ya tsayar da ni ranar akuya. Na ɗaga ƙahon na doka. Ƙarar ba ta kai rabin ta lasifika ba, siririya ce, amma an yi shekaru ba a ji ta ba, kuma mutum ɗaya aka sani da ita. Na sake dokawa. Taɓarya ta tsaya. Ta gidan gaba ma ta tsaya. Sai ga Gwaggo Hansai ta fito da sauri, hannunta duk daddawa, mayafi a karkace, fuskarta cike da murna, tana cewa, "Tanko! Ashe ka tashi? Kai, alhamdu..."

Sai ta ga wanda ke riƙe da shi.

Ta dubi kugen, ta dube ni. Na buɗe baki zan faɗa. Ba ta jira ni ba. Ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Daga bayan katanga wata ta karɓa. Ta gaba ta karɓa. Ina tsaye ina jin ta tana tafiya gida gida, ta riga ni kai wa ƙarshen lungu. Duk zagayen da na yi ranar, abin da ya fito daga bakina bai wuce "bayan azahar" ba. Mata suka tura gona a kira maza. Mutane suka riƙa ɓullowa da fartanya a kafaɗa, taɓo har gwiwa, mai shayi ya bar butarsa a wuta. Sahu ya cika ƙofar gida ya malala kan titi, har sai da motocin Funtua suka tsaya aka sallame. Malam Sabi'u na sahun gaba da takunkuminsa na rufe baki da hanci. Ɗanlami kuwa tun daga gida har maƙabarta bai yarda an karɓe shi a makara ba.

Ran sadakar uku Malam Sabi'u ya zo gaisuwa. Ya zauna muka gaisa. Can ya ce, "Malam Iro, aiko ni aka yi, kar ka ga laifina. Ciyaman ya ji irin taron da ƙarfen nan ya tara. Za a yi bikin rufe kwamiti, da rabon sauran bokitai. Ya ce ko za a samu aronsa." Bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce, "Malam, ka gaishe shi da kyau. Ka ce masa mai kugen ya rasu." Ya gyaɗa kai, na ga kamar ma ya ji daɗi.

Mura ta tafi da ruwa ya ɗauke, kamar yadda ta zo ba ta nemi izinin kowa ba. Hukuma ta yi biki ta yaba wa kanta, an ba Hajiya Binta bokiti. Aikin shela ya dawo hannuna, don biki ya buɗe Ɗanlami ya koma kiɗansa. "Hukuma ta gaishe ku" ta warke da wuri, dama ba ta da nisan faɗuwa. Innalillahi ce ta daɗe tana jinya. Har yau akwai gidajen da in na faɗe ta, sai na ji an ƙara dukan turmi ɗaya ko biyu kafin a tsaya.

To, kai mai jar hula, yanzu ɗauki lasifikar. An kawo cigiyar tunkiya da safe, je ka tambayi mai ita kamanninta, ka zaɓi wurin tsayawa da kanka, in ga kai da injin wa zai ci. In ka iya tunkiya, ka iya takardar hukuma, ka jure shekarar da babu, wata rana zan shiga da kai ɗaki in nuna maka wata ƙusa. Ban sake dukansa ba tun ranar, ko an roƙe ni. Ni ma baƙo ne a garin nan, 'ya'yana kuma duk aure ya kai su nesa. Saura masa aiki ɗaya, kuma ranar ba ni zan riƙe shi ba. Ina so su fito.